Rawani a fada, iko a gidan gwamnati: waiwaye daga 'Yandoton Daji

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Daren jiya a majalisarmu nan Gusau, bayan sallar isha'i, gardama ta kaure a kan sarakuna. Wani yayanmu da ya girme mu duka ya ce, "Ƙannena ku bar wahalar da bakinku. Sarakunanmu yanzu hoto ne, kamar dai Sarkin Ingila. Ga rawani ga algaita, amma ko akuya ba su iya ɗaurewa." Wani kuma ya ce a'a, ai duk matsalar tsaron nan sarakuna sun san bakin zaren, ƙi kawai suka yi. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, kwatancenka da Ingila bai zauna ba. Gaskiya ne Sarkin Ingila ba shi da wani iko mai yawa, amma firaminista bai isa ya tashi da safe ya tuɓe shi ba. Namu kuwa sanarwa ɗaya daga ofishin sakataren gwamnati ta isa." Na koma gida maganar tana ta yi mini yawo a rai, shi ne na ce bari in zauna in rubuta.

Mu fara da abin da ya faru a gabanmu. A 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ƙirƙiro sabbin masarautu biyu, Bazai da 'Yandoton Daji, masarautun Zamfara suka tashi daga 17 zuwa 19. Daga ƙasar Tsafe aka yanko 'Yandoton Daji, aka ba Aliyu Garba Marafa sarauta. Ba a daɗe ba, a watan Yuli na wannan shekara, sabon sarkin ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Fada ta ce don neman sulhu aka yi, domin manoma su samu komawa gona. Ƙasa ta ɗauki zafi, washegari gwamna ya dakatar da sarkin. A watan Afrilun 2023 kuma, ana saura 'yan makonni gwamnatin ta sauka, aka mayar da shi, aka ce bincike bai same shi da mugun nufi ba.

Ni ba shari'ar sarkin nake son yi a nan ba. Tambayoyi biyu ne suka tsaya mini. Na farko, ina iyakar ikon sarki wajen naɗa rawani, wa zai iya ba wa, wa kuma ba zai iya ba? Na biyu, ina iyakar ikon gwamna wajen dakatar da sarki da mayar da shi? A cikin wata tara mun ga an yi amfani da iko biyu masu girma, na fada da na gidan gwamnati, kuma talakan Tsafe da abin ya fi shafa kallo kawai ya yi.

Kafin mu amsa, sai mun koma baya.

Mutane da yawa suna zaton sarakunan da abin da suka ga dama suke yi. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Tun kafin jihadi akwai majalisun da sarki ba ya tsallake su cikin sauƙi. Kano tana da Tara ta Kano, Gobir ma tana da tata Tarar. A Katsina akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, masu faɗa a ji wajen zaɓen sarki. Sarkin da ya ɓata da waɗannan ya san kujerarsa tana rawa.

Da jihadin Shehu Usmanu ya zo a 1804, ɗaya daga cikin manyan ƙorafinsa shi ne sarakunan Hausa sun wuce gona da iri: harajin da shari'a ba ta sani ba, ƙwacen dukiyar talaka, cin hanci a wurin alƙalai. Shehu ya jera irin waɗannan a Kitabul Farƙ. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano, Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Abin da littattafan nan suka haɗu a kai shi ne shari'a tana sama da sarki, kuma dole ya yi shawara. Yankinmu yana tsakiyar wannan tarihi. 'Yandoto garin malamai ne a ƙasar Katsina ta wancan lokaci, Bello ya yaƙe ta wajajen 1806. Daga can Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau, shi ya sa har gobe sarautar Gusau take Sarkin Katsina, sarkin Tsafe kuma ake ce masa 'Yandoto.

A tsarin Daular Sakkwato, Sarkin Musulmi ne ke tabbatar da naɗin sarakuna, kuma yana iya tuɓewa. Zazzau ta ɗanɗana wannan fiye da sau ɗaya: an tuɓe Sidi Abdulƙadir, an tuɓe Abdullahi har sau biyu, an tuɓe Sambo. Amma shi ma wannan iko yana da inda yake tsayawa. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage sai Tukur ya zama Sarkin Kano, alhali yawancin gidan Dabo suna bayan Yusufu. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasar Kano, aka yi asarar rayuka masu yawa, a ƙarshe kuma Alu Babba, daga ɓangaren Yusufawa, shi ya hau gadon. Wato ko Sarkin Musulmi in ya naɗa ba da yardar mutane ba, naɗin ba ya zama.

Sai Turawa suka zo. A watan Maris na 1903 suka ci Sakkwato. Lugga ya tara manyan gari ya gaya musu ƙarara cewa duk abin da aka samu da yaƙi a da, yanzu ya koma hannun Ingila: ikon naɗa sarki da tuɓe shi, ikon sa haraji, da iko a kan ƙasa. Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Daga nan duk sarkin da za a naɗa sai ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, a ba shi takardar naɗi da sandar girma. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan ne igiyar ta sauya hannu.

Abin mamakin shi ne a zamanin En'e sarakuna sun ƙara ƙarfi a kan talaka, sun kuma rasa ƙarfi a gaban Razdan. A lokacin Gusau da Tsafe da Bungudu duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato, masu riƙe da su uwayen ƙasa ne. Amma uban ƙasa na wancan zamani ya fi wasu sarakunan yanka na yau ƙarfi. Shi ke tara haraji da jangali, a gabansa ake raba gona da burtali, ga alƙali, ga 'yan doka, ga dogarai. Kakana, Allah ya jiƙan shi, yakan ba mu labarin yadda magidanci kan sayar da hatsinsa tun bai bushe ba don kada a ɗaure shi a rana saboda kuɗin haraji. Duk wanda ke kewar zamanin nan ya tambayi tsofaffin gidansu tukuna. Ta sama kuwa, a 1930 Turawa suka yi dokar naɗa sarakuna da tuɓe su, wadda ta damƙa hukuncin ƙarshe a hannun Gwamna. A 1931 Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari da kansa sai da ya bar gadon saboda matsin lambarsu.

Rage ikon sarakuna kuma 'yan siyasarmu ne suka faro shi. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a daidai lokacin da Malam Aminu Kano da NEPU suke ta fafutuka a kan zaluncin da ake yi wa talakawa. Daga nan aka daina barin sarki shi kaɗai ya zama En'e, sai shi da majalisarsa. Duk da haka sarakuna suna da Majalisar Sarakuna a Kaduna, doka ba ta wucewa sai ta bi ta gabansu. Amma gwamnatin Sardauna ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na farko ya yi murabus aka kai shi Azare. Ikon da Lugga ya karɓa a 1903 ya dawo hannun ɗan ƙasa ke nan, ba tare da an rage masa komai ba.

Sojoji suka ƙarasa aikin. Juyin mulkin 1966 ya tafi da Majalisar Sarakuna. Tsakanin 1967 da 1970, a zamanin Gowon, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin karkara ga ciyamomi da kansiloli, ya bar wa sarakuna ba da shawara. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, gonakin karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. Haraji da jangali ma suka bi baya, tun daga lokacin da Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke su a jihohinsu a 1979. Kundin tsarin mulkin 1999 da muke kai yanzu bai ware wa sarakuna wani aiki ba ko ɗaya.

In kuna son ganin wannan tarihi a rayuwar mutum guda, ku dubi marigayi Mai Kwatarkwashi Ahmad Umar, a ƙaramar hukumar Bungudu. Ya hau sarauta a 1961, ya rasu a 2022, shekara 61 ke nan. Ya fara a zamanin da uban ƙasa ke da haraji da alƙali da ɗan doka, ya ƙare yana cikakken sarki, amma babu ko ɗaya daga cikinsu a hannunsa. Haka abin yake ga sauran. Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, an ɗaga darajar gidajen sarauta da dama, uwayen ƙasar jiya suka zama sarakuna. Sanda ta ƙara tsawo, iko ya ƙara gajarcewa.

To yanzu mu leƙa Ingilar da yayanmu ya kawo misali da ita. Su ma sarakunansu sun taɓa zama masu cikakken iko, kuma ba da lalama aka rage shi ba. A 1215 manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a takardar Magna Carta. A 1610 babban alƙali Edward Coke ya nuna wa Sarki James na farko cewa sarki ba zai ƙirƙiri laifi da sanarwa kawai ba, ikonsa yana tsayawa inda dokar ƙasa ta tsayar da shi. A 1649 aka fille kan Charles na farko bayan yaƙi tsakaninsa da majalisa. A 1689 aka rubuta a doka cewa sarki ba zai sa haraji ko ya jingine wata doka ba sai da yardar majalisa. Rabon da wani mai sarauta a can ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar tun Sarauniya Anne a 1708.

Amma akwai ikon da ya rage da sunan sarki har yau: shiga yaƙi, ƙulla yarjejeniya da wasu ƙasashe, yi wa mai laifi afuwa, naɗa firaminista, rufe zaman majalisa. Da sunan sarki ake yi, amma ministoci ne ke yanke shawarar. Wato a can ma ikon ƙaura ya yi daga fada zuwa ofishin 'yan siyasa, kamar dai namu. Bambancin shi ne, da ikon ya yi ƙaura, takunkuminsa ya bi shi. A 2019 Boris Johnson ya shawarci Sarauniya Elizabeth ta rufe majalisa na mako biyar ana tsakiyar rikicin ficewa daga Tarayyar Turai. Ta amince, don al'ada ba ta ba ta damar ƙi ba. Aka je kotu. Ranar 24 ga Satumba alƙalai 11 na Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce rufewar haramtacciya ce, washegari majalisa ta koma zama. Firaminista ya ari rigar sarauniya, kotu ta ce ko a cikin rigar nan akwai inda ba ka isa ka taka ba.

Mu a nan wa ke gaya wa mai riƙe da igiyar haka? Ku ƙirga da ni. A watan Afrilun 1996 gwamnatin Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki. A 2005 aka tuɓe Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo, aka shafe shekara da shekaru ana shari'a. A 2019 majalisar dokokin Kano ta raba masarautar gida biyar cikin 'yan kwanaki, ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu aka kai shi jihar Nasarawa, a watan Mayun 2024 wata majalisar ta soke dokar cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi. A 2024 ɗin dai Sakkwato ta gyara doka, ikon naɗa uwayen ƙasa da hakimai ya koma sai abin da gwamna ya amince. A nan gida, an tuɓe Sarkin Maru a 2019, aka tuɓe na Zurmi da na Ɗansadau a watan Afrilun 2022, dukkansu bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga.

Kada a yi mini mummunar fahimta. In sarki ya haɗa baki da masu kashe talakawansa, tuɓewa ma ta yi kaɗan, kotu ya kamata ya gurfana a kawo hujja kowa ya ji. Abin da nake cewa shi ne, hanyar da ake bi a cire mai laifi ita ce dai hanyar da za a bi gobe a cire mai gaskiya don ya ƙi yi wa wani kamfe. Dokokin masarautu suna nan a rubuce, amma majalisun jihohi ne ke yin su, kuma kowa ya san sau nawa majalisar jiha ke ce wa gwamna a'a. Kotu takan yi magana wani lokaci. Tun 1931 kotun ƙoli ta daular Ingila ta ce dole gwamnan mulkin mallaka ya kare korar da ya yi wa Eleko na Legas a gaban alƙali, kuma a shekarar Eleko ya koma gida. A 2021 ma babbar kotun tarayya ta ce korar Sanusi daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki. Sai dai kafin hukunci ya fito, galibi an riga an naɗa wani, an yi hawan sallah biyu ko uku.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tausayi. A watan Satumban 2021 'yan bindiga suka sace Sarkin Fulanin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi sama da wata guda a hannunsu. Sarki sukutum. Wannan shi ne mutumin da muke cewa ya tsare mana ƙasa. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kotu, albashinsa da motarsa daga gwamnati suke fitowa. Amma in an kai hari ƙauye, ƙofar fada ake fara zuwa da gawa. In an yi sulhu ya lalace, shi za a tuhuma. In an samu sauƙi, a ce aikin gwamnati ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai ƙasashen da suka zauna suka warware wannan ƙulli. A Ghana, kundin tsarin mulkin 1992 ya hana majalisa yin dokar da za ta ba wani mutum ko hukuma ikon amincewa da sarki ko janye amincewar. Rikicin sarauta majalisun sarakuna ne ke sauraren shi, a ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A madadin haka an hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. A Malesiya, ƙasar Musulmi mai sarakuna tara da ke karɓa-karɓar sarautar ƙasa duk shekara biyar, an cire musu rigar kariya a 1993, aka kafa kotu ta musamman da za ta iya yi musu shari'a. Amma tsarin mulki ya bar musu aikinsu a rubuce, shi ya sa a watan Oktoban 2020 sarkin ƙasar ya iya ƙin amincewa da dokar ta-ɓaci da firaminista ya nema. An ɗaure sarki, an kuma ɗaure mai son taɓa sarki.

A nawa ɗan ƙaramin tunani, abu uku muke buƙata, kuma tunda kullum ana zancen gyaran tsarin mulki, lokacin faɗa ne. Na ɗaya, a rubuta aikin sarki a fili: sulhun gona da burtali, sanin baƙon da ya shigo gari, rajistar haihuwa da mutuwa, a kuma ba shi abin yin aikin. Na biyu, a rubuta iyakarsa: ba siyasar jam'iyya, ba rawani ga wanda hukuma ke nema ruwa a jallo, kuma in ya yi laifi ya tsaya gaban alƙali kamar kowa. Na uku, a fitar da tuɓe sarki daga hannun mutum ɗaya. A kafa kwamitin shari'a mai zaman kansa, a ji ta bakin wanda ake zargi, a buga rahoton jama'a su karanta, masu zaɓen sarki kuma a bar su su yi aikinsu.

Na san wasu za su ce sarauta ta tsufa, a rushe ta kawai. Ina girmama ra'ayinsu, amma su je wani ƙauye a bayan Tsafe ko Bungudu su tambayi mutane wa suke fara nema in dare ya yi tsakiya an ji harbi. Ba kansila ba ne, mai gari ne. Wasu kuma za su ce a mayar wa sarakuna kotu da ɗan doka kamar da. Su ma su tuna da hatsin kakana.

Yaya, in ka karanta wannan, ga amsata cikakkiya: ikon sarakunanmu bai mutu ba, gida ya sauya, kuma a sabon gidan ba a yi masa shinge ba. Ku kuma 'yan uwa, musamman na Tsafe da 'Yandoto da Bungudu da kuka ga abubuwan nan da idonku, ina son jin naku ra'ayin, amma don Allah ban da zagi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya shugabanninmu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Zamfara da Arewa baki ɗaya. Amin.